Ramin Ƙofar Gidana

Yau da safe katakon da nake takawa in tsallake ramin ƙofar gidana ya karye, ni da bokiti muka gangara tare. Bokitin ya fashe, ni ina nan.

Wani ɗan kwangila ne, Allah ya ƙara masa girma, ya haƙa ramin wata bakwai da suka wuce, wai zai yi mana kwalbati. Ya yi haƙa kwana biyu, ya kafa ƙaton allon ƙarfe mai sunansa da na kamfaninsa, ya ɓace. Tun ranar maigidana, mai shanyewar ƙafa ɗaya, bai leƙa waje ba. Ko asibiti.

Da lakata a zani na tafi ofishin ba da kwangila. Ranka ya daɗe mai kujerar juyi ya ce, "Iya, ki yi murna, an gyara doka. An daina ba suruki aiki a ɓoye. Sai an buga a jarida, kamfani uku sun nema, kwamiti ya zauna."

Na ce, "Ramin fa?"

"Tsohuwar kwangila ce, ana bincike."

"To in cike abina?"

"Kul! Shi ne shaidar binciken."

Ban yi boko ba, wannan ma surukata nake faɗa wa tana rubutawa, amma na gane cewa ramina ya kama aikin gwamnati.

Da na dawo, maƙwabcina mai faci ya ce, "Iya, kamfani ukun nan na san su. Ɗaya na ɗan kwangilar nan, ɗaya na matarsa, ɗaya na direbansa." Na ce ai kuwa gyara ya yi kyau, har direba ya samu.

Sai na ce ya ɗauko sifana. Muka kwance allon nan, muka shimfiɗa shi a kan ramin. Ya zauna daram kamar an auna. Maigida ya dogara sandarsa ya tsallake, ya tsaya bakin titi yana kallon motoci kamar baƙo. Gobe za mu asibiti.

Masu girma 'yan kwamiti, ku zauna a tsanake. Amma duk wanda ya zo ɗaukar allon nan ba da siminti a hannu ba, zai ga abin da ya sami bokiti. Masu bincike kuma, in sunan mutumin suke nema, su zo da wuri. Surukata ta ce sandar maigida ta fara goge harafin farko.