An Ɗaga Kwaɗo Sama

Jama'a, a kwance nake muku rubutun nan, bayana ya riƙe. Jiya na ɗora jikata Koharu a wuya a gidan zanen littattafan yara na ƙauyenmu, don ta ga kwaɗon nan mai laima da take kwana rungume da littafinsa. Ta ga kwaɗonta, ni kuwa sai kamo ni aka yi zuwa gida.

Da can ba a ɗaga kowa. Tun da aka mai da tsohuwar makarantarmu ta bayan gonakin shinkafa gidan zane, ƙasa-ƙasa ake rataye hotunan, daidai idon ɗan shekara biyar. Maƙwabciyata Tomie, wadda ta zana kwaɗon, ita ta kafa wannan sharaɗi kafin ta ba da aikinta.

Sai watan jiya Mai Girma Babban Baƙo ya taso daga birni. Ya cire takalmi a ƙofa kamar kowa, mun gode. Da ya iso gaban kwaɗo ya sunkuya don ya duba. To, kun san halinmu, babba ba ya rusunawa kan na ƙasa da shi yana sama. Mataimaki ya sunkuya ya fi shi, na bayansa ya ƙara, mai riƙe jaka sai da goshinsa ya taɓa ƙasa. Washegari jarida ta fito da hoton ƙarti goma sha biyu suna gaida kwaɗo.

Kafin mako ya zagayo takarda ta iso da hatimi bakwai: a ɗaga kowane zane "daidai martabar baƙi".

Na je na tarar da Tomie a lambunta, na ce, "Iya, kin ji an kafa kwamitin sayo wa yara abin takawa?"

Ta ce, "Na ji, wai sai sun je ƙasar waje sun ga yadda ake takawa. Kai mai shegen rubutu, gaya musu ba don masu furfura na zana ba. In bazara ta zo, itatuwan ceri suka yi fure kwaɗona yana can sama, zan kwashe kayana."

Ba wasa take ba, kuma abin ya ci mini rai. Yara tara suka rage mana a ƙauyen nan, wurin zuwansu ke nan guda ɗaya.

Amma a yaba wa manya, sun yi hangen nesa. Yaro ai girma yake yi. Nan da shekara goma Koharu za ta ga kwaɗo tana tsaye da ƙafarta, lokacin da ta daina nemansa.

Ni dai likita ya hana ni sunkuyawa har wata guda. Ashe haka ake zama Mai Girma.