Digirin da ke Tare Mana Ƙofa

Ranar da na shiga kwaleji a Doha da niyyar wucewa jami'a daga nan, malamar da ke ba ɗalibai shawara ta miƙo mini jerin darussan da jami'a ke karɓa a fannin ilimin duwatsu. Lissafi da kemistiri ne a sama. Na ninke takardar na cusa aljihu. Ni da na shekara goma ina haƙar rijiyar gas, wa zai koya mini dutse?

Na zaɓi darussan da suka yi mini daɗi, na cika falo da duwatsun hamada. Bayan shekara biyu, jami'a ta karɓi darasi ɗaya tak.

Yanzu duk sanda iska ta bugo ƙofa, sai matata ta nuna babba a cikin duwatsun nan ta ce, "Baban Amina, miƙo digirinka mu tare ta."