Shaidu Biyu Da Soja Ya Ƙi

"…lafiya lau, tsohuwa. Ya gajiya? Ko tsoro ne ya ƙulle miki baki?"

Makaniken layinmu ne ke faɗin haka yana shigowa falon kakarsa hannu duk baƙin mai, sai ga soja zaune a kujerar roba da littafi a cinya. Jiya da la'asar su biyu suna saman bene, tana kwashe shanya yana gyaran tankin ruwa, wani abu mai kama da faranti ya tsaya cak a sama, ba ƙara ba hayaƙi, sannan ya ɓace. Yau sojoji sun cika layin. Duk wanda ya ce ya gani sai a jefa shi mota, kuma mai shagon da suka ɗauka tun safe har yanzu shiru. Ni maƙwabciya da na shigo aron tukunya na maƙale a kicin.

"Wa ke tsoro, mijin banza?" in ji Kaka, ta damƙe hannunsa. "Yallaɓai, ni kaɗai na gani. Wannan ragon kansa na cikin tanki."

"Kada ka biye mata, Yallaɓai. Shekaranjiya firiji ta gaisar, har da tambayarsa iyali. Ni na gani."

"Kai? Kai da ka rantse ka ga kada a kwata, ashe tsohon takalmi ne?"

"Ke da ba kya bambance ni da ƙofa sai na yi tari!"

"Maƙaryaci! Tun yana rarrafe yake shara ƙarya. Ku tafi da ni, na ci zamanina."

"Su kai ki ina? Ko motar ba za ki iya hawa ba."

Sojan nan ko murmushi bai yi ba, wallahi rubutu kawai yake. Can ya karanta da ƙarfi: "Shaida ta ɗaya ba ta gani. Na biyu maƙaryaci ne, a bakin kakarsa." Ya rufe littafin. "Kun ɓata mini lokaci." Ya fice.

Sai da ƙarar motar ta yi nisa Kaka ta saki hannun jikanta, shatin yatsunta ya fito ɓaro-ɓaro.

"Amma dai mun gani ko?" ta ce ƙasa-ƙasa.

"Mun gani, Kaka."

Ta fashe da dariya, hawaye na zuba. Ta zaro tabaraunta daga ƙarƙashin matashi ta cusa masa a aljihu.

"Ka ci gardama, maigida, makauniya ce ni. Tafi da shi gareji ka ɓoye, kada su dawo su gane ina gani. Na gwammace laluben bango da a tafi min da kai."