Baƙin Kaskona Ya Mutu a Hannun Ɗana

Da zuciya cike da baƙin ciki, da fushin da bai huce ba, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta cewa babban ɗana, mai gyaran jikin mota, ya kashe mini kasko. Shi ya kashe shi, da injin gurzar ƙarfe. Kada wanda ya ce mini tsufa ne.

Marigayin baƙi ne wuluk, mai zurfi, gindinsa zagaye, mariƙinsa na itace. Ya zo hannuna shekara ashirin da shida da suka wuce, daga wani tsohon kuku ɗan ƙasar Sin, a gidan abincin da na yi wa wanke-wanke. Ba ya jin yarena, ba na jin nasa. Ranar da za a rufe wurin ya miƙo mini kaskon, ya nuna sabulu ya girgiza kai, ya nuna mai ya gyaɗa. Wasiyyar ke nan, kuma ban taɓa saɓa ta ba.

Da shi na raini yara biyar bayan rasuwar ubansu. In taso aiki da yamma, ƙafa a kumbure, in samu shinkafar jiya, ƙwai biyu, citta, tafarnuwa, ɗan baƙin ruwan waken soya, kafin yara su gama wanke hannu abinci ya sauka. Wata rana taliya da kabeji da karas a man riɗi. Bai taɓa kama mini abinci ba, bai taɓa kunyata ni gaban baƙo ba. In tafarnuwa ta faɗa cikinsa ya ce "caaa", har mai shagon ƙasan benenmu ya san na dawo.

Ciwon ajalinsa ya same shi ne ina asibiti, kwana huɗu, ana mini aikin ido. Ɗan nan ya shiga kicin ya ga baƙin jikinsa, wai datti ne, wai zai ba ni mamaki. Ya kai shi gareji ya gurje shi tas kamar ƙofar mota, ya fesa wa bayansa fentin azurfa. Wannan baƙin ba datti ba ne, kai da ka ci daga cikinsa har ka yi gemu! Mai ne da wuta, dare bayan dare. Abincin ƙarshe da ubanka ya iya haɗiya a cikinsa na soya.

Kaskon ne abu na farko da sabon idona ya gani, yana ƙyalli kamar madubi. Na ɗora shi a wuta, fenti ya turnuƙe gidan, ƙwai ya manne, sai ga mai yana ɗiga ta wata 'yar huda a gindi. Ya ce "tsit, tsit" sau biyu, ya yi shiru.

Ya bar ludayinsa na ƙarfe, da kwandon turara abinci na gora, da rabin kwalbar man riɗi, da jikoki bakwai da suka daina tambayata me za a ci. Ya bar ni. Wancan ɗan kasko mara nauyi da aka aiko mini a kwali, wai ba ya kama abinci, ba danginsa ba ne, yana bakin ƙofa, mai shi ya zo ya ɗauka.

Za a sallami marigayin ranar Asabar da yamma a bayan gidanmu, kusa da famfo. Zan cika shi da ƙasa in dasa citta a ciki. Ba a buƙatar kowa ya zo da abinci, ba kuma za a ba kowa ba.

Kai kuma babban ɗana, ka zo da kanka, kada ka turo matarka ta ba ni haƙuri. Ka tsaya gaban ƙannenka ka faɗa mini inda ka share baƙin da ka kankare. Can garejin, a wane kwandon shara ka zuba mini shekara ashirin da shida?