Bargon Waɗanda Suka Tafi

"Lafiya lau, amaryata. Har yau mutuwa ba ta gane ƙofarki ba?"

Mma Damata ko ɗagowa ba ta yi ba. Tana zaune a barandar gidansu na unguwar Nima, bargon ƙyallaye baje a cinyarta. Shekara talatin ke nan tana haɗa shi, kuma ba da ragowar tela ba. Duk wanda zai bar gidan nan sai ta yanki ƙyalle a rigarsa ta ɗinka a ciki. Yau jikanta Nashiru ne, makanike a kasuwar kayan mota ta Abossey Okai, ya zo sallama, gobe zai kama hanyar Libiya. Tun safe ta tanadi almakashi.

"Ta zo jiya," in ji ta. "Da ta ga mijin da nake fama da shi, ta ce azabar ta ishe ni. Matso in ga rigar nan."

"Haba, tsohuwa, kar ki fara! Daga Legas na zo da ita."

"Legas ɗin da aka koro ka? Me ka kawo mini? Bokiti ɗaya!"

"Ai ya ishe ki, ke da wanka sai Sallah."

"Ji mai warin baƙin mai! Ko ƙudan kasuwar Mamobi ba ya sauka a kanka."

Nashiru ya tsuguna, ya ɗora yatsa a kan wani shuɗin ƙyalle. "Wannan na wa?"

"Ka sani. Kakanka, ranar da ya tafi sarin goro."

"Ya dawo? Wannan atamfar fa?"

"Gwaggonka Zuera. Abijan."

"Wasiƙa biyu, shiru. Ga na babana nan a gefe. Mma, bargonki cin mutane yake. Wallahi ba na shiga."

Da dariya ya faɗa, amma maganar ta soke ta, don ita ma ta sha yin wannan tunanin. To amma ya za ta yi? In damina ta sauka ta ja bargon, ɗaya bayan ɗaya take shafa su tana kiran sunayensu. Kewarsu ba ta taɓa sakin ta ba, ga na ƙarshensu zai tafi bai bar mata abin shafawa ba.

"Mara kunya," ta ce. "Bargo ne ya kore su? Su ke rufa ni in sanyi ya zo. So kake in kwana ba miji?"

"Ki auri Baba Sayibu mai koko."

"Haƙorinsa biyu!"

"Naki ɗaya. Ku haɗa, uku, ya isa cin waken safe."

Ta yi dariya har da hawaye. Dariyar ta ƙare, hawayen bai ƙare ba. Nashiru ya kau da kai, ya daɗe yana kallon kwata. Can sai ya kama aljihun rigar ya fizge, ƙyat!

"Ungo. Amma kar ki matse ɗinkin. Sama-sama za ki yi masa, ranar da na dawo zan ɓalle abina."

Ta karɓa, ta shimfiɗa shi kusa da na babansa, tana gyara bakinsa da babban yatsa.

"Da wannan idon nawa, sama-samar ma da ƙyar. Ka wuce damina biyu zai faɗi da kansa, in haɗa da shara." Ta miƙa masa allura. "Sa mini zare, mijin banza."