Taya Ta Biyar

Na ga lodin mota a Agadas, na ga na Kumasi da na Jidda. Saboda haka da na aro ɗakin kwana mai taya a Greensboro don mu kai yara hutu, ban nemi shawarar kowa ba. Amurkawa na ce masa mai taya biyar. Na ƙirga, huɗu na gani, na ɗauka ƙarin gishiri ne irin nasu.

Hancin ɗakin kan bayan a-kori-kurar da ke jan sa yake hawa. Na ga fili a gefensa, na jera kekunanmu huɗu a tsaye, har da sabon keken autarmu Binta, na yi musu ɗaurin da wani direban Damagaram ya koya mini.

Matata Hajiya ta ce, "Alhaji, in ka zo shan kwana fa?"

Na ce, "Ni da na ƙetare Sahara a kan buhunan dabino?"

A kwanar farko, ƙarshen layinmu a unguwar Glenwood, hancin ɗakin ya juyo ya bi ta kan kekunan a hankali. Ɗaurin kam bai kwance ba. Shi ya riƙe su har aka gama murƙushe su. Kwana uku Binta ba ta yi mini magana ba, ko da Turanci.

Taya guda ce ta tsira, Hajiya ta rataye ta a gareji. Har yau in muka yi baƙo sai ta ce, "Zo ka ga ta biyar ɗin. Alhaji ne ya gano ta."