Rasuwar Hajiya Majaujawa ta Misfala

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanu da suka yi jawur don kuka da hayaƙi, Malam Tsoho na lungun Hausawa a unguwar Misfala ta birnin Makka da maiɗakinsa Baraka suna sanar da 'yan'uwa da maƙwabta, har da na unguwar Jarwal, da duk yaron da ya taɓa yin amai a sama ya sauko yana neman ƙari, rasuwar Hajiya Majaujawa, lilon nan na katako mai akwati huɗu da ke juyawa a filin unguwa duk ƙaramar salla. Ta rasu a kwanakin aikin hajjin bana, bayan gajeriyar jinya a hannun baƙi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ta tafi ta bar wani alkawari da aka yi wa Baraka ba a cika ba, shi ne kuwa ya fi ci wa mai ita rai, za mu zo kansa.

Waɗanda ba su santa ba, Allah ya ba su haƙuri, sun yi asara. Marigayiyar doguwa ce, ta fi katangar kowa a lungun tsawo. Ƙafafunta huɗu, da ƙarfe guda a ƙugu, da hannuwa masu ɗauke da akwatunan. Yara su shiga uku-uku, Malam Tsoho ya tofa yawu a tafi, ya kama akwatin ƙasa ya cilla shi sama, na sama ya gangaro. Ba inji, ba mai, ƙarfin ƙirjin mutum ɗaya ne da bisimilla.

An haife ta bayan babban yaƙin Turawa, amma cikinta tun a Sudan aka ɗauka. Lokacin da Tsoho da Baraka ke tahowa da ƙafa daga ƙasar Katsina, sun yada zango suna cirar auduga, sai wata rana wani abokin aiki ya ja Tsoho birni ya shigar da shi gidan majigi. Sau ɗaya tak ya taɓa shiga a rayuwarsa. Ya ga jirgin ƙasa ya taso masa gadan-gadan daga jikin bango, ya yi kabbara ya faɗa ƙarƙashin benci, rabin labarin ma daga can ƙasa ya ji shi. Amma ɗan abin da ya gani ɗin nan bai bar kansa ba. Da ya iso Makka ya tarar babu majigi, babu kuma alamar za a yi, sai ya ce to shi ne zai zama majigin. Ya yi ta tara katakon akwatunan kaya da guntayen gungume da ake kawowa daga Jidda, ya haɗa marigayiyar da hannunsa, Baraka na miƙo masa ƙusa tana cewa ya haukace.

Kowane akwati da sunansa da fentinsa, duk daga abin da ya gani a bangon nan. Akwai Jirgin Ƙasa, baƙi mai jan baki. Akwai Jirgin Ruwa, shuɗi, wanda ya karkace gefe ɗaya tun haihuwa, shi ya sa masu shigarsa ke rantsuwa har jirin teku suna ji. Akwai Doki, wanda babu doki a jikinsa, don Malam Tsoho ba ya son malamai su yi magana a kan zanen mai rai. Sirdi ya zana da linzami, ya ce dokin ya tafi shan ruwa, yara kuwa shekara da shekaru suna tambaya ko ya dawo. Sai auta, farar Ɗayyara, wato jirgin sama, mai fukafukai na gwangwanin kananzir. A kanta ake dambe, a kanta ake ɓata abota, an taɓa ganin wa da ƙane sun yi kwana da kwanaki ba sa magana saboda ita.

Ba juyawar kaɗai ke tara mutane ba. Yana cilla akwati yana ba da labarin, da Hausa saboda iyayen da ke tsaye, da Larabci saboda 'ya'yansu da aka haifa a nan. "Yalla ya walad, riƙe da kyau! Ga ɓarayi sun biyo jirgin ƙasa! Ga mai faffaɗar hula ya fito!" Ya yi kukan jirgi da hanci, ya yi harbin bindiga da tafi a cinya, in an zo wurin faɗa ya saki lilon ya yi kokawa da kansa har ya kayar da kansa a ƙasa. Labarin bai taɓa ƙarewa iri ɗaya ba. Wata shekara mai hula ya auri yarinyar da ke cikin labarin, wata shekara ya faɗa rijiya, shekarar da Tsoho ke fama da ciwon haƙori kuwa kowa da kowa ya mutu. In wani mai kaudi ya ce ai bara ba haka aka yi ba, sai ya ce, "Kai ka shiga majigin ko ni?"

Marigayiyar mai haƙuri ce. Ba ta taɓa yar da ɗan kowa ba, ban da ɗan mai burodi, shi ma shi ya miƙe tsaye. Ba ta bambanta ɗan Hausa da ɗan Jawa da ɗan Buhara, duk sama ɗaya take kai su. Abincinta ɗan kitsen rago ne a ƙugu. In ta samu, sai ka ji tana "gurrr, gurrr" kamar kyanwa ta ƙoshi. In aka manta da ita, ta shiga "ƙiiiƙ, ƙiiiƙ" har sai ladanin unguwa ya aiko a yi mata magana. Duk sa'ad da akwati ya kai ƙololuwa kuma takan ce "ƙwas!", iyaye mata su dafe ƙirji, yara kuwa dama shi suke jira.

To, ga alkawarin. Duk tsawon rayuwar marigayiyar, Baraka na zaune a gindinta da farantin gyaɗa da alewa. Ita ta ɗinka matasan da ke cikin akwatunan, ita ke wanke su in an yi abin da aka saba. Yara na saukowa suna rige-rigen ba ta labari: "Inna Baraka, wallahi daga Ɗayyara ana ganin hasumiyoyin Harami, ana ganin tantabaru ta gadon bayansu!" Ita kuwa ba ta taɓa ganin garin nan daga sama ba. Matar aure ba ta hawa lilo a tsakiyar fili maza na kallo, gwiwoyinta kuma tun tafiyar ƙasa suka daina yarda da hawan dutse. Abu ɗaya ta roƙa: ranar da za a kwance lilon, in fili ya watse, a sa ta a Ɗayyara a juya ta ko sau ɗaya. Tsoho ya ce wannan ai ba wani abu ba ne. Amma duk shekara ranar kwancewa sai ta same shi murya ta dushe, kafaɗa ta sage, rana ta take, ya ce, "Baɗi in sha Allahu, Baraka. Ai tana nan, ina za ta?" Ita kuma ta ce, "Allah ya kai mu," ta ɗauki farantinta ta yi gaba. Ba ta taɓa yi masa gori ba, shi ya sa ya ɗauka ta manta.

Ciwon ajali ya shigo ta ƙofar da kowa ya sani a garin nan. In alhazai suka fara sauka, mai gida yakan bar musu ɗakuna ya kwashe nasa ya koma kan soro. Bana Allah ya kawo wa Tsoho mutanen garinsu: Kawu Awwalu, ƙanen mahaifiyar Baraka, da matarsa Shatu, da jama'arsu cike da gida. Marigayiyar tana inda take hutawa kowace shekara, a kwakkwance, jingine a bayan madafa. Tsoho na fita da sassafe dakon kayan alhazai, Baraka na bakin hanya da gyaɗarta, ba mai dawowa sai magariba. Itace kuwa a Makka a irin wannan lokaci, kun dai sani, sai ka bi mai raƙumin da ke kawo shi kana roƙo. Shatu ta leƙa bayan madafa ta ga busasshen katako jibge, ta ce Allah sarki, dubi tanadin da yaran nan suka yi mana. A garinsu itacen da ke bayan madafa na wuta ne, ba a tambaya.

Da ƙafafu aka fara. Kawu Awwalu da kansa ya aro gatari ya faskara. Sannan aka koma kan hannuwa. Kowace magariba Tsoho ya dawo a gajiye, a aiko masa da tuwon dawa da miyar kuka da daddawar gida har kan soro, ya ci ya suɗe kwano, ya ce rabonsa da tuwon da ya nuna haka tun yana saurayi. Ya nuna mana! Katakon da ya sha kitsen rago shekara da shekaru ai dole ya ba da wuta. Ko da ya fara jin wani ɗan warin fenti a miya, cewa ya yi daddawar bana ce ta zo da ƙarfi.

Ranar da asiri ya tonu, ciwon baya ne ya maido shi gida da wuri. Yana shiga tsakar gida ya ga sirdi da linzami suna ci da wuta a ƙarƙashin tukunya. Doki ke nan. Jirgin Ƙasa da Jirgin Ruwa sun riga sun tashi. Maganar ƙarshe da aka ji daga bakin marigayiyar ita ce "ƙas, ƙas, fuuu." Shatu ta ɗago tana fifita wuta, fuskar nan cike da fara'a, ta ce, "Sannu da zuwa, ɗan nan. Kai, wannan gari da albarka yake, har itacensa da ado yake zuwa! Allah ya yi maka albarka."

To, jama'a, me zai ce? Baƙin Allah ne, surukai ne, ga shi kwanakin da aka hana musu da jayayya. Sai ya durƙusa ya ce, "Amin, Inna. Allah ya karɓi ibada." Ya hau soro ya juya wa duniya baya ya yi kuka irin na yara, har da majina. Ba katakon ya fi yi wa kuka ba. Baɗin nan da ya yi ta faɗa ne ya zo ya tsaya masa a ƙirji, don ya san ba shi da sauran ƙarfin tara wani katako, bayansa ma ya gama aiki.

Baraka ba ta yi kuka ba. Ta dawo, ta ji, ta ajiye faranti, ta sauka ƙasa. Saura Ɗayyara kaɗai, Kawu Awwalu ya jawo ta tsakar gida yana wasa gatari saboda tuwon gobe. Ina ita ina musu da kawu? Ta gaishe shi, ta tattare zaninta, ta shiga akwatin ta zauna daram. Ya ce, "Ke 'yar nan, tashi mana, itace ne." Ta ce, "Kawu, gwiwa ce ta riƙe, bari ta sake ni." Gwiwar nan kuwa ba ta sake ta ba. A ciki ta ci abinci, a ciki ta ɓare gyaɗa, salla kaɗai ke fitar da ita, shi ma sai ta ga gatarin ya yi nisa, har ranar da baƙi suka ɗaura harami suka tafi Mina. Yanzu sun kama hanyar gida suna ta yabon karamcin Tsoho. Duk wanda ya kai labarin nan Katsina, shi da Allah.

Marigayiyar ta bar ƙarfen ƙugunta, wanda wuta ba ta iya da shi ba, yanzu shi ke tokare ƙofa. Ta bar ƙusoshi cikin gwangwani, waɗanda Tsoho ya tsince daga toka ɗaya bayan ɗaya. Ta bar matasai uku marayu. Ta bar mai faffaɗar hula a tsakiyar faɗa, ba a san ko zai tsira ba. Ta bar yaran Misfala da ba su san inda za su kai ihunsu in salla ta zo ba. Ta kuma bar 'yarta Ɗayyara, da fiffike ɗaya a lanƙwashe.

Ana karɓar gaisuwa a kan soron Malam Tsoho kullum bayan la'asar. Akwai shayi da dabino. Ana roƙon masu zuwa, don Allah, kada kowa ya kawo tuwo.

Jana'iza kuwa ga yadda aka tsara. Ba wanka, ba salla, katako ne, kada wani ya je ya ce an ƙirƙiro sabon abu a Misfala. Tokar an riga an ba mata sun wanke tukwane da ita. Ranar Asabar in Allah ya kai mu, da hantsi kafin rana ta yi zafi, za a fito da Ɗayyara daga gida, a ɗaura mata sanduna biyu, a ɗauke ta a kafaɗa zuwa kan dutsen da ke bayan unguwa. Maƙwabcinsu Lurwanu da abokan aikinsa, masu ɗaukar tsofaffi a wajen ɗawafi, sun ce za su kama. Malam Tsoho ya ce shi ne a gaba ta hannun dama. An ce masa bayanka fa, ya ce bayan ya yi ta kansa. Ya kuma ce zai ba da labarin tun daga farko har ƙarshe, da kukan jirgi da harbi da komai, saboda mutum ɗaya.

Domin akwatin ba fanko za a ɗauka ba, Baraka ce a ciki da sabon mayafinta. Dattijuwa a kafaɗar masu ɗauka ba abin magana ba ce a garin nan, kullum ana gani. Da Malam Tsoho ya je ya gaya mata, yana murza hula a hannu yana kame-kame, sai ta ce, "Asabar ɗin nan mai zuwa?" Ya ce, "Ita." Ta juya tana share ido da bakin zani, ta ce hayaƙin baƙi ne bai gama fita daga gidan ba.

Sai gargaɗi ɗaya ga masu kamawa da masu rakiya. An san mutanen garin nan da sauri in sun ɗauki makara, to wannan ba irinta ba ce. Baraka ta ce a tafi a hankali, a tsaya duk inda ta ce a tsaya, in an kai sama kuma kada wanda ya kuskura ya yi zancen sauka sai ta gama kallo. Ta ce ita ta jira da yawa, kowa ma ya jira.